Lambar Ƙofar Dija

Dija Bafulatanar Tondikandia ce. Shekarar da fari ya ƙarar da shanun mijinta Buba, suka kwaso 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa Inna suka zo Filinge, suka kafa bukka a bayan gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. A kan idonta soja suka zuba 'yan gudun yunwa a manyan motoci aka mai da su daji. Su dai Allah ya tsallakar da su, amma tun daga ranar ba ta sake sakin jiki ba.

Bayan shekara huɗu sun yi ɗakin laka da ƙyauren kwano. Buba yana daji da shanun wani ɗan kasuwa, sai ga mutum biyu da takardu. Suka auna daga ƙofarta zuwa bakin gona, ɗaya ya ciro alli ya yi rubutu a ƙyauren, ya ce jibi za a zo ƙidaya.

Da suka tafi Inna ta ce, "Alama ce suka yi muna. Gidan baƙi suke warewa."

Dija ta jiƙa tsumma ta goge tas.

Washegari wajen tallar fura ta ga kowace ƙofa a garin da irin rubutun, har ta liman. Wata mai sayen fura ta ce ai duk wanda ya taɓa lambar gwamnati sai jandarma sun kama shi. Dija ta dawo gida da sauri. Ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, balle ta san abin da ta goge. Ta nemo farar ƙasa, ta ƙura wa ƙofar maƙwabta ido, ta zana irin tasu a tata.

Mai ƙidayar wani malamin lakwal ne, Mushe Garba, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ya daɗe tsaye yana kallon ƙyauren.

"Wa ya rubuta wannan?"

Dija ta durƙusa. "Ni ce, Mushe. A tafi da ni, a bar yaran da tsohuwa."

"A tafi da ke ina? Ta maƙwabta kika kwafa, bakwai ɗin ma ta juya baya."

Ya goge da hannun rigarsa, ya duba takarda, ya mai da ta gaskiyar. Sannan ya zauna a kan turmi yana tambayar sunaye. Tana faɗa yana rubutawa, har aka kai mutum bakwai.

"Mu 'yan ina za ka rubuta?" in ji ta.

"Ina kuke zaune?"

"Nan."

"To, Filinge."

Ba ta yarda ba. Wata uku kayanta na ɗaure a ƙunshi bayan ƙofa, sai da ruwan farko ya sauka Buba ya dawo ta kwance.

A gidan ta aurar da 'ya'yanta duka. Gari ya yi ta ci gaba har ya cinye gonakin, aka kawo famfo unguwar. Ta rasu da tsufa, ta bar jikoki goma sha ɗaya, maƙwabtan ne suka yi mata wanka.