Kafinta Ya Gyara Aikin Likita

Shekara goma sha tara ke nan Liatu tana aikin jinya a sashen ƙashi na wani asibiti a cikin garin Bauchi. Tun da ta fara aiki take jin wari iri-iri, amma ta ce wanda ya fito daga hannun A'i ranar wata Talata ya hana ta cin abincin rana.

A'i 'yar shekara shida ce, daga unguwar Fadaman Mada. Ta faɗo daga kan katanga, ƙashi ya karye dab da gwiwar hannu. Likita ya daidaita shi, ya soka siraran ƙarafa biyu masu kama da tsinken tsire don su riƙe shi. Yadda ake aikin, ana barin kan kowane ƙarfe a waje, a lanƙwashe, a rufe da filasta. Bayan mako huɗu sai a dawo da yaro, Liatu ta kama kan ta zare, cikin minti ɗaya, yaro na zaune.

Sai a mako na shida aka dawo da A'i. An tsaga filastar an sake ɗaure ta da tsumman atamfa. Da Liatu ta kwance, mugunya ta biyo hannun har ta ɗiga a takalminta. Ta duba, babu kan ƙarfe ko ɗaya.

Ta tambayi uban, Malam Sabitu, wanda kafinta ne: "Baban A'i, ina ƙarafan?"

"Suna ciki, Sista. Ƙaiƙayi ya dame ta, na buɗe, na ga likitanku ya bar ƙusa a waje. Ko benci na yi haka ai sai a dawo mini da shi. Na datse su daidai da fata."

"Da me?"

Ya zaro filaya daga aljihu, tsatsa har bakinta, da guntun busasshen gam a maƙale.

"Ka wanke ta?"

"Na goge da rigata."

"To sannu da aiki, injiniya. Yanzu da wane kai zan kama?"

Hoto ya nuna ƙarafan sun nutse, fata ta rufe a kansu. Fargabar Liatu kada mugunyar ta kai cikin gaɓa, domin in ta kai, hannun zai sandare har abada. Dole aka sake sa A'i barci, aka yanka, aka tono su. An samu mugunyar ta tsaya a bakin gaɓar. Yarinyar ta kwana goma sha ɗaya ana mata allura.

Yanzu A'i tana kai loma baki da hannun, amma ba ya miƙewa gaba ɗaya, kuma likita ya ce a haka zai tsaya.

Tun daga nan, kafin a sallami kowane yaro, sai Liatu ta zana wa iyaye kan ƙarfen a takarda, sannan ta tambayi uban sana'arsa. In ya ce kafinta ko walda, sai ta jawo masa kujera ta fara bayanin daga farko.