Idon da Mawahib Ta Zana a Tafin Amarya

A unguwar Dar Salam ta birnin Omdurman an daɗe ana rantsuwa cewa wani aljani ɗan Jafan ya auri Mawahib, har yana aiko mata da hotunan danginsa masu ido kamar faranti. Wata tsohuwa ta ce da kunnenta ta ji su suna faɗa a ɗaki. To, a kwantar da hankali. Mawahib 'yar gwaggona ce, kuma babu aljanin da zai iya da bakinta. Faɗan da aka ji ita kaɗai ce take yi da littafi.

Abin ya samo asali tun tana yarinya. Da la'asar talabijin kan nuna zanen yara na Jafan da aka juya Larabci, Mawahib ta zauna gabansa hanci na taɓa gilashi. Sai jaruma ta ɗaga takobi, ƙiris ya rage a san wa zai mutu, wuta ta ɗauke. Haka ta girma da labari dubu, ko ɗaya babu ƙarshe.

Wata rana ta haye gada zuwa Khartum, ta tarar da mai baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ga jarumarta a bangon wani littafi. Rubutun Jafananci ne, ko harafi ba ta ganewa, amma da ta ga ta dama ake buɗewa sai ta ce, "Wallahi mutanen nan namu ne." Ta riƙa saye tana sa musu magana da kanta, har mugun sarkin yana zagi da Hausar kakarmu.

A littattafan nan hannunta ya faɗa. Ta koyi inuwar ɗigo-ɗigo da furanni masu tashi a iska, ta juye su a lalle, ta zama hannana, mai yi wa mata ƙunshi. Sai dai ƙannen maƙwabta kawai take samu. Amarya ba a ba kowa, domin in hannana ta ɓata amarya ɗaya, sai ta koma sayar da shayi.

Ran nan aka kira ta ga Hadil, wadda za ta auri ɗan Hajja Fatna ta Bahri can ƙetaren kogi, matar da ko limami ya gan ta sai ya gyara rawani. Kuma a safiyar nan ne Mawahib ta samo littafin ƙarshe. Ta buɗe shi ta danne da gwiwa. Amarya ta sha hayaƙin turare ta yi laushi, ta miƙa hannu tana gyangyaɗi. Mawahib na matsa lalle, ido ɗaya a tafi, ɗaya a shafin da jaruma ke ban kwana da ƙanenta a bakin teku.

Da ta ɗago, furen tsakiyar tafin yana kallonta. Ido ne ƙato, da gashinsa zara-zara, da ɗigon haske, da hawaye yana gangarowa wuyan hannu. Baƙin lallen nan kuwa ya riga ya kama. Ta goga lemun tsami, idon ya ƙara sheƙi.

Sai ga Hajja Fatna tana jan tob ɗinta, lafayar matan can. Ta kama hannun, ta kai shi kusa, ta kai shi nesa.

"Ke 'yata, fure na sa ki yi, ko saniya?"

Mawahib ta hango kanta bakin titi tana fifita gawayin shayi. Amma wadda ta shekara tana ƙirƙira wa Jafanawa magana ba a rasa ta da ta cewa.

"Hajja, ba ki ga 'yan biki ba? Amarya kamar wannan, ido zai yi mata yawa. Duk wadda ta harare ta, wannan ya rama."

"To kukan na mene ne?"

"Tausayin mahassada yake ji."

Hajja ta ƙura wa zanen ido har 'yan ɗakin suka fara yi wa Mawahib addu'a. Can ta juya ɗaya hannun, ta ɓata rai.

"Wannan kuma kin bar shi makaho? Dangin uban ango ta hagu za su zauna."

Kafin wata ya mutu, amare daga Bahri har Jabal Awliya suna layi. Akwai wadda ta nemi a yi mata a dunduniya saboda masu kallo ta baya.

Jiya na same ta tana kwaɓa lalle, na ce, "Sannu malamar tsari. In na tashi aure, ido nawa za ki yi wa tawa amaryar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka fara samo wadda za ta yarda tukuna. Idon zan zana mata, amma hawaye ba sai na wahala ba, da nata za ta zo."