Cibiyar Auta a Lambun Unguwa

Shekara biyu da 'yan watanni cibiyar autana ta yi a cikin gwangwanin biskit a saman firji. Ranar da ta faɗi na ƙulle ta a ƙyallen atamfa, na yi wa mahaifiyata waya. Ta ce in adana, duk ranar da muka zo Kano za a binne ta a bayan ɗakinta, inda aka binne tawa da ta yayyena. Takardun zaman maigidana a nan ƙasar waje kuwa suka ƙi fitowa, zuwa gida ya zama sai dai a baki.

Sakarcin da na yi shi ne, a gwangwanin nan nake ajiye irin kuɓewa da na yakuwa da mahaifiyata take aiko mini, su ma a ƙulle cikin ƙyallaye.

Wata Asabar a watan Mayu, sanyi ya sake mu, muka fita lambun unguwa da ke bayan gininmu a Mount Hope, inda kowane gida yake da ɗan akwatin ƙasa da bai fi tabarma biyu ba. Na suri gwangwanin gaba ɗaya saboda sauri. Maigida ya kama kaftu. Babbar 'yata, mai shekara biyar, ta ishe ni da jan zani, sai na miƙa mata gwangwanin na ce ta riƙe. Hankalina duk yana kan auta, wanda ke bin tattabaru, ga ƙofar lambun a buɗe take kan titi, ga shi komai ya tsinta sai baki.

Da aka gama gyaran ƙasa na karɓi gwangwanin. Ƙyallaye uku na gani a kwance, ba komai a ciki. Na tambayi yarinyar, ta amsa da Turancinta, tana murna, wai ta shuka mini duka, har ta ba su ruwa. Da na ce a ina, sai ta nuna akwatinmu, ta nuna na maƙwabta, ta nuna gindin wayar shinge da wajen famfo. Na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta.

Na durƙusa ina tono da yatsu. Abin bai fi kan ɗan yatsa ba, baƙi ne, a bushe kamar guntun kuɓewa busasshiya, kuma ƙasar cike take da ɓawon itace mai irin wannan kama. Duk wanda na ɗaga sai in zaci shi ne, in murza, ya dagargaje. Wata tsohuwa 'yar Ghana ta tarar da ni cikin tumatirinta. Na zaci faɗa za ta yi, amma da na gaya mata sai ta ajiye jaka, ta durƙusa da ciwon gwiwarta, muka yi ta tono tare. Maigida ya ce in yi haƙuri, ai ko nan ma binnewa ce. Na ce masa ba shi zai yi wa mahaifiyata bayani ba.

Har la'asar ba mu gani ba. Yarinyar ta yi kuka ta gaji, ta koma wasan ruwa da ƙanenta, suka jiƙe sharkaf. Ni kuwa tsoro nake ji, don muddin ƙullin nan yana saman firji ina iya ce wa kaina zaman namu na ɗan lokaci ne.

Washegari da safe na kira mahaifiyata, na faɗa mata komai ban rage ba. Sai ta tambaya ko wurin yana da tsabta, na ce yana da.

“To, ke nan kun zauna,” in ji ta.