Baba Mita da Lemo Mai Yatsu

Baba Mita ya ƙare ƙuruciyarsa yana bi gida-gida yana karanta mitar ruwa, kuma ko da ya yi ritaya sunan bai sake shi ba. Mutum ne da bai taɓa rashin sanin komai ba. Ko hanya ya ɓata, ya gwammace ya yini yana zagaye da ya tsayar da wani ya yi tambaya.

Da zaman gida ya ishe shi, sai ya faɗa wa shuka lemo. Ba irin wanda kowa ke sha ba, wannan ai na gama-gari ne. Yana da wanda in an yanka cikinsa ja wur, da wasu ƙanana da ake ci har ɓawo, da wani ƙato wanda kafin ka gama ɓare shi ƙishin ya wuce. Tsakar gida ta cika da tsofaffin bokitai da rabin duro. Igiyar shanya ta koma lungu, matarsa kuwa ta koyi tafiya a karkace don kada zanenta ya taɓa ganye.

Duk wannan da sauƙi, sai ranar da ya ga hoton lemo mai yatsu a waya, wani abu rawaya kamar hannun mutum. Ya yi ta cigiya har ya samo ɗan dashensa, wanda aka yi wa aure, wato an yanko reshen mai yatsun an ɗaura a kan gindin lemon tsami. Mai sayarwa ya buɗe baki zai yi bayani, Baba Mita ya ce masa tun kafin a haife shi yake shuka.

Wannan ba ta bokiti ba ce, in ji shi, ƙasa take so. Filin da ya rage a gidan kuwa ɗaya ne, bayan kicin, wanda ya yi wa babban ɗansa alkawari. Ɗan mai gyaran firji ne, yana cushe a ɗaki guda da matarsa da tsohon ciki, har ya jibge bulo a gefe. Uban ya haƙa rami a tsakiyar filin ya dasa abarsa, ya ce a dakata da gini sai ta yi 'ya'ya, don saiwar lemo ba ta shiri da siminti. Yaron bai yi musu ba. Ya jira har matarsa ta haihu, sannan ya kama haya a can ƙarshen gari. Uwarsa ta yi kukanta ta share hawaye, Baba Mita ya ce yaran zamani ba su da haƙuri.

Ba a jima ba dashen ya yi rassa biyu. Na ƙasa kakkaura, mai ƙaya, kullum sai ya ƙara tsawo. Na sama siriri, ganyensa duk a yamutse. Baba Mita ya dube su da idon masani, ya ɗauko almakashi ya datse siririn don kada ya cinye wa ɗan'uwansa taki. Har maƙwabta ya tara ya nuna musu, ya ce haka ake tarbiyya.

Bishiya ta yi girma, ta yi inuwa. Duk baƙon da tsautsayi ya kawo gidan sai an kai shi ya gaishe ta kafin a ba shi ruwa. Shekarar da ta yi fure, unguwa ba ta huta ba. 'Ya'yan suka fito dunƙule-dunƙule, matarsa ta tambaya ina yatsun.

"Ke ba ki san komai ba," in ji shi. "Ko jariri ai da dunƙulallen hannu yake zuwa duniya."

Hannun bai buɗe ba. Abin da ya nuna lemon tsami ne, irin wanda ake kasawa a bakin titi. Baba Mita ya tsuguna a gindin bishiyar ya ga tabon almakashinsa daidai wurin ɗaurin, ya gane wanda ya datse da wanda ya yi shekaru yana yi wa bauta. Matarsa dai ta riƙa tsinkowa tana goge tukwane da shi a gabansa.

Abin ya ci shi ƙwarai, kuma ba kunyar maƙwabta ce ta fi cinsa ba. Kewar ɗansa ce. Jikansa ya yi rarrafe, ya yi tafiya, har an yi masa ƙanwa, duk a labari yake ji. Ɗan nasa kan zo gaisuwa, ya durƙusa, ya tambayi lafiya, ya tashi ya tafi ba tare da ya ko kalli bayan kicin ba.

Wata safiya Baba Mita ya ari gatari. Ya sare bishiyar, ya tone kututturen, ya baje ƙasar, ya kakkaɓe bulon da ya yi gansakuka. Hannunsa duk ƙaya ta yage shi. Sannan ya zauna a kan bulo ya kira ɗan a waya, ya gyara murya kamar mai ba da kyautar mota, ya ce ya zo ya fara gininsa.

Ana jiyo hayaniyar yara a can nesa lokacin da ɗan ya amsa.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Amma mun saba da nan. Yaro ya shiga makaranta, ga shagona kusa. Bulon ma a ba duk mai so."

Baba Mita ya ce to. Ɗan nasa, da yake mai ladabi ne, bai so ya ajiye waya haka ba, sai ya tambaya yaya lemon, ko ya fara fito da yatsun.

Tsohon ya dubi filin, rana ta buɗe a kansa ba ko ɗigon inuwa.

"Yana nan," ya ce. "Yana nan lafiya lau."