Na Raba 'Yata da Tsohuwar 'Yar Fim

Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina. A farkon shekarun 1990 na bi maigidana zuwa Alkahira, inda yake ƙaramin ma'aikaci a ofishin jakadanci. Muka kama haya a unguwar Hadayek el-Maadi tare da 'yarmu ta fari mai shekara biyar, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana goye. Ni goyon kaka ce, ga ƙuruciya ga taurin kai, kuma an tashe ni a kan kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, ba na ma haɗa ido da ita. In ina son ta zo, sai in ja gefen rigarta ina kallon wani wuri. A ganina tarbiyya ke nan.

A samanmu akwai wata tsohuwa Bamisriya da ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai. Da yake hawa da sauka na ba ta wuya, kwando take zurowa da igiya mai burodi ya saka mata. Wata rana yarinyar ta cafke kwandon ta barandarmu. Tsohuwar ta leƙo, ta zare ido, ta dafe ƙirji kamar an yi mata fashi. Yarinya ta kece da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. Daga ranar kullum tana sama. Matar mai gadin gidan ce ta ba ni labarin cewa tsohuwar 'yar fim ce tun zamanin da fim bai da murya. Da murya ta shigo aka ce tata ba ta da daɗi a na'ura, aka ajiye ta, sai ta koma rubuta littattafan yara. Wai ba ta rubuta labari sai ta fara kwaikwaya wa yaro shi da fuska da hannu, ba kalma ko ɗaya. In ya gane ta rubuta, in bai gane ba ta watsar. To, 'yata ta zama alƙaliyar labaranta.

Cikin 'yan watanni yarinya ta sake. Takan sauko ta tsaya gabana tana kaɗa kunnuwan jaki da hannuwa, tana so ta ba ni labarin da ta gani, ni kuma in sunkuyar da kai ina tsince shinkafa. Ran nan tsohuwar ta sauko da sandarta har ƙofata. Ta ce yarinyar nan da ido take ji, in riƙa hawa tare da ita ta koya min yadda ake magana da fuska. Da guntun Larabcina na yi mata bayanin al'adarmu. Ta yi murmushi ta ce ma'alish, wato ba komai, amma wannan kunyar sai ga yaro mai ji, shi ko ba a kalle shi ba muryar uwarsa na isa gare shi. Gaskiya ta faɗa, ni kuwa haushi na ji.

Ana nan muka je suna a unguwar Mohandessin, gidan wani babba a ofishin su maigidana. Yarinyar ta tashi ta kwaikwayi tafiyar wata baƙuwa, ɗaki ya ɗauki dariya. Sai wata ta ce ashe rainon 'yar fim nake yi, ta ƙara da cewa in yarinya ta saba da hannu bakinta ba zai taɓa buɗewa ba. Na ji kamar in nutse. Washegari na hau sama na iske su suna wasansu, ga hoton tsohuwar tana budurwa a bango, kai ba ɗankwali. Na fizgi hannun yarinya na ce khalas, wato an gama. Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta ce 'yata ce, ina da ikon hana ta, amma don Allah ni in riƙa zuwa ko ni kaɗai. Ban taɓa komawa ba. In yarinya ta ɗaga hannu za ta yi min nuni, sai in buge hannun, wai ina so ta yi magana. Ba ta yi maganar ba, nunin ma ta daina yi min.

Da sanyi ya shigo tsohuwar ta rasu. 'Yata na tsaye a taga aka fito da makara. Ta juyo tana tambayata da ido, ni kuwa ban san yadda zan gaya mata ba, balle in lallashe ta. Na shige kicin na bar ta.

Daga baya aka sa ta a makarantar kurame, ta ƙware a maganar hannu. Babanta ya koyi abin da ya samu, ni na ce na girme wa wannan. A shekarun 2000 ta auri wani Bahaushen Sudan da ke koyarwa a makarantar. Da aikin maigidana ya ƙare za mu dawo gida, na so in nemi gafarar 'yata. Ni da nake taƙama da kunya, dole na zaunar da surukina a tsakaninmu ya yi min tafinta. Ina magana ina kuka, ita kuma hannunsa take kallo. Da na gama ta yi nata nunin. Sai da na matsa masa ya fassara min. Wai ba ta riƙe ni da komai ba, kawai dai ba ta san ni sosai ba.

Har yau ba na ganin laifin al'adarmu, laifina nake gani. Na ji tsoron bakin matan da yanzu ko sunayensu ba na tunawa, na kori wadda ta fi ni sanin ciwon 'yata saboda sana'ar da ta yi tun ba a haife ni ba. Iyaye mata, in Allah ya ba ku ɗan da ba ya ji, ku ɗaga kai ku kalle shi, ku koyi maganarsa tun yana binku da ita. Tawa ta daɗe tana bina, har ta gaji ta daina.