Mamman Tantabara da Iskar Gabas

Mamman taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙarata. A Makera aka haife mu shekara ɗaya, na girme shi da wata huɗu, abin da har yau bai amince da shi ba. Ni Zakariyya'u, keke napep nake ja. Shi kuma sana'arsa jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda 'yan rediyo ke kira jirgi marar matuƙi, mu kuma muke ce masa diron. In ka ce marar matuƙi a gabansa, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "To ni ɗan rakiya ne?"

Kafin diron ya yi shekara tara a masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta. Ya koma hoton fasfo a bakin titi, da jan ƙyalle da kujera ɗaya, sai wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto. Abu ɗaya ne bai taɓa bari ba tun muna firamare: tantabaru. Bayan ɗakinsa duk tsofaffin gwangwanaye ne jere a bango, kowanne da mai shi. Matarsa Safiya takan ce ita dangin miji arba'in ta tarar, kuma babu mai wanke kwanonsa a cikinsu.

Da ya ga wani diron na hannu ana sayarwa, babur ɗinsa ya sayar ya saya. Na ce masa ya haukace. Ya ce ya ji, gobe ƙarfe takwas in zo in kai shi Kamazou. Tun daga ranar ni nake kai shi aiki: biki, suna, masu sayar da fuloti, 'yan kwangilar da ke son nuna wa mai gida a Abuja cewa an yi rufi. Da wannan abin yake ciyar da Safiya da yara huɗu, ba shi da wata hanya.

Amma fa aiki da Mamman sai mai haƙuri. Duk inda za mu, da akwatin diron da kwandon tantabaru muke tafiya. In mun isa, kafin ya taɓa akwatin sai ya ciro tantabara ɗaya ya cilla ta sama, ya tsaya yana kallo baki buɗe. In ta miƙe tsaf ta kama hanyar Makera, to za a yi aiki. In ta wuce tsayin rufi ta fara tafiya a karkace kamar mai tura baro a gangara, sai ya zauna. Ya ce iskar da ke kaɗa maka riga a ƙasa daban, wadda ke saman kwano daban, kuma jirgin da ta sama zai yi hulɗa. Na ce akwai manhaja a waya mai faɗin ƙarfin iska. Ya ce manhajar ba ta taɓa zuwa Kakuri ba.

In tantabara ta ba da izini, sai ya nemi wuri shimfiɗaɗɗe, babu ciyawa babu wayar wuta, ya kori mutane baya. Yakan ba iska baya, jirgin na gabansa, don in ta fizge shi ta yi can da shi, kada farfela ta yi masa aski. Ya ɗaga shi daidai tsayin mutum, ya bar shi a nan har ya ƙirga ashirin. Sannan babbar dokarsa: a fita ana fuskantar iska, a dawo tana turowa. Batir ya kai rabi, a juyo, ko da amarya ce ke shigowa. An sha zaginsa a kan wannan. Wani wan ango a Kamazou ya taɓa korar mu, ya kirawo wani mai diron ɗin, ɗan gaye mai baƙin tabarau. Na ɗan gayen ya tashi da kyau, Allah ya sani, kuma bayan kwana biyu aka same shi a tankin ruwan wani otal. Ranar Mamman tuwo malmala uku ya ci.

Shekara biyar bai taɓa karya ko farfela ɗaya ba.

Baba Sylvanus shi ne shugaban sashensu Mamman a masaƙa, mutumin Filato, wanda ya koya masa ɗaura zare ba tare da ya rasa yatsa ba. Da aka rufe masaƙar ya koma gidan gonarsa, can yamma da Kakau, shi da matarsa Mama Abigail. A nan ta rasu, a nan aka binne ta bayan gida. Shekara ɗaya da rasuwarta masu garkuwa da mutane suka addabi yankin, kowa ya tattara ya gudu, Baba ya dawo wurin 'yarsa Diana, ma'aikaciyar jinya, a Kamazou. Shekara uku ke nan bai taka gonar ba, babu ma wanda ya taka. Ga hawan jinin ido ya cinye masa idon hagu, na daman kuma ya ce yanzu kamar ta bakin kwalba yake gani, bakin kuwa kullum ƙara tsukewa yake. Likita bai ɓoye masa ba.

Shi ya aiko a kira Mamman. Yana son ya ga kabarin matarsa tun idon yana aiki. Akwai wani dutse a bayan Kakau inda 'yan sintiri suke tsayawa, daga nan zuwa gonar kamar kilomita biyu ne, kuma iyakar inda ɗan Adam mai hankali ke kaiwa ke nan.

Mamman ya ce, "Baba, da sassafe babu iska. Sai in je in ɗauko maka, ka kalla a gida sau nawa kake so."

Baba ya ce, "Fim na ce maka zan kalla? Ziyara zan je."

Diana ba ta yarda ya fita ba tare da ita ba, ba ta da hutu sai Lahadi, Baba kuwa ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya fashin coci. Ka ga sai bayan azahar ke nan, a farkon damina, lokacin da iskar hadari ke tasowa daga gabas. Gonar kuma tana yamma. Wato iska za ta kai jirgin kyauta, ta hana shi dawowa.

Lahadin farko muka hau dutsen, Baba cikin kwat da hula, Diana riƙe da hannunsa. Tantabara ta tashi a karkace. Mamman ya ce a'a. Baba ya ce ba komai, muka sauko. Lahadi na biyu tantabarar ma ƙin tashi ta yi, ta sauka kan keke ta zauna tana kallonmu. A hanyar dawowa Baba ya tambayi Diana ko magariba ta yi, alhali ƙarfe huɗu ne, rana tarwai. Na ga Mamman ta madubi yana kallon waje.

Lahadi na uku, muna tsaye a kan dutsen, Diana ta ja Mamman gefe. "Malam Mamman, gobe da safe zan kai shi Jos wurin yayana. An yi mini canjin wurin aiki. Ba zai dawo Kaduna ba."

Mamman ya cilla tantabara. Ta haura, iska ta make ta, ta yi yamma da ita kamar ledar burodi kafin ta samu ta karkato. Ko ni da ban san komai ba na karanta wannan. Na fara tattara kwando. Sai na ji ƙarar buɗe akwati.

Na matsa kusa na ce a hankali, "Kai, me kake yi?"

Ya ce, "In ya gani na juyo nan take, na biyo ƙasa-ƙasa ta bayan itatuwa, wataƙila ya iso."

"Wataƙila? Da wataƙila za ka ciyar da Safiya?"

Mamman ya ciro jirgin daga akwati. Ya sa sabon batir ɗinsa, sannan ya zare ɗan katin da hotuna ke ciki ya jefa a aljihu, wai bikin wasu mutane ne bai ba su ba tukuna. Da na ga haka na gane bai sa ran jirgin zai dawo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, wallahi har na ji kamar in zauna a kan akwatin, amma ga tsoho tsaye ya cire hula yana gyara wuyan kwat.

Duk da haka bai tsallake komai ba. Ya share tsakuwa da ƙafa, ya matsar da mu da 'yan sintiri biyu baya, ya ba iska baya, ya ɗaga jirgin tsayin mutum. Abin ya tsaya a karkace yana kuka yana rawa. Ya ƙirga ashirin ɗinsa cif. Sannan ya sake shi, bai bar shi ya yi sama sosai ba, daidai kan itatuwa. Kafin in ce wani abu ya ɓace.

Allon da hoton ke fitowa yana maƙale a jikin rimot, Baba kuma sai ya kawo idonsa dab da shi yake gani. Haka suka tsaya kai da kai, Baba ya cinye allon da fuskarsa, Mamman yana leƙe ta bayan kunnensa yana tuƙi. Wani jan rubutu ya fito yana gargaɗin iska. Mamman ya ture shi da yatsa.

"Bi layin itatuwan kashu," in ji Baba. "Yauwa. Wannan rijiyar ce. Ina rufin ɗakina?"

"Babu rufi, Baba."

"Sun kwashe. To. Yi bayan gida."

Ciyawa ta cinye ko'ina. Sai ga wani farin daɓen siminti a tsakiyarta, da gicciyen ƙarfe ya ɗan karkace amma yana tsaye. Mamman ya tsayar da jirgin a kansa. Na leƙa lambar batir: saba'in da takwas. Na ce a raina alhamdu lillahi, ya gani, a juyo.

Sai Baba ya gyara murya ya fara gaisuwa.

Da yarensu ya fara, sannan ya dawo Hausa, ina jin don mu ma mu zama shaida. Ya ce mata ya zo, ya yi latti amma ba da gangan ba. Ya gaya mata Diana ta samu ƙarin girma. Ya gaya mata wanda ya yi aure da wanda ya haihu da wanda ya mutu, gida-gida, bai tsallake kowa ba. Ya ce an sace kwanon rufi amma kada ta damu, dama yana yoyo. Jirgi kuwa tsayuwa a cikin iska ta fi tafiya cin batir. Sittin da biyar. Na zunguri Mamman. Hamsin da biyu. Na sake zungurarsa, ya ɗora ƙafarsa a kan tawa ya danna, bai ko dube ni ba. Diana ta juya baya tana share ido da gefen ɗankwali. Ni ma dai, gaskiya, haushin nan nawa ya narke, tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Gobe za a kai ni Jos," in ji Baba. "Idon ya ƙare, Abigail. Wannan ne karo na ƙarshe da zan gan ki, sai can."

Na sake leƙa lambar batir. Talatin da ɗaya.

Rimot ya fara ƙara, jirgin yana neman ya kamo hanyar gida da kansa, kamar yadda aka ƙera shi. Mamman ya danna ya hana shi.

Baba ya ɗago. "Kukan me yake yi?"

"Batir ne, Baba. Ba zai iso nan ba, iska ta fi ƙarfinsa. In na bar shi ya taho, a hanya zai mutu, ya faɗo kan wani a bayan gari. Gara in sauke shi can da hannuna."

Baba ya daɗe yana kallon wajen da yake zaton fuskar Mamman take. "Ka san haka tun kafin ka tashe shi?"

"Na yi zato."

"Kai dai tun a masaƙa ba ka jin magana."

"Haka ne, Baba." Mamman ya gyara riƙon rimot. "Sai dai akwai matsala. Ciyawa ta yi tsawo, in ya shiga cikinta kifewa zai yi. Wuri ɗaya ne kawai shimfiɗaɗɗe a duk gonar. Ni kuma ba zan ɗora abu a kan kabari ba sai da izinin mai shi."

Iska ta ɗaga wa Baba gefen kwat. Ya mayar da idonsa kan allon.

"Sauke shi, ɗana. Abigail ba ta taɓa korar baƙo ba."

Mamman ya yi bismilla, ya juya kyamarar ta kalli ƙasa, ya fara saukowa a hankali, iska na ture shi yana maido shi. Simintin ya riƙa girma har ya cika allon. Ashe akwai rubutu a jiki, wanda aka yi da ƙusa tun simintin yana ɗanye. Haruffan suka yi manya-manya, har Baba ya ɗaga hannu ya dakatar da Diana da ta buɗe baki za ta karanta masa. Da kansa ya karanta sunan, harafi bayan harafi, da ƙarfi, ya kai ƙarshe kafin hoton ya tsaya.