Haƙorin Kada a Bakin Kura

Ban riƙe shekarar daidai ba, kuma ba na son in faɗi abin da zan dawo in janye. Farkon shekarun tamanin ne dai, lokacin da kayan gyaran mota suka yi wuya a kasuwa kamar sabulu da sukari. Ina da shekara goma sha ɗaya, ko sha biyu, muna zaune a zangon Salaga. Baba yana tuƙa wata tsohuwar motar haya, Fijo, tsakanin Salaga da Yendi. Ƙanena Ilu, ɗan shekara huɗu, yana da ciwon da yanzu ake kira sikila. Duk damina sai ya tashi, idanunsa su yi fari, a ɗauke shi a guje. Don haka a gidanmu motar ba ta abinci kaɗai ba ce. Kowa ya san wata rana ran Ilu zai rataya a kanta.

Bayan magariba, idan an kwashe tuwo, Kaka takan ja kujerarta zuwa bakin murhu mu kewaye ta. Idonta ya riga ya dushe, amma hannunta yana gani. A garwashin nan Baba yake gasa fulogan motarsa, waɗannan 'yan ƙarafa huɗu masu ba injin wuta, don baƙin da ya taru a bakinsu ya ƙone. Kaka ce ke juya su da tsinke kamar doya, in sun huce ta shafa su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a faranti. Shekara biyu tana haka. Ta san su kamar carbinta.

Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa wuta, ko ta faɗa mana, shi kuma ya tsinta daga inda yake zaune.

A ƙarshe tsofaffin fulogan suka gaji, tangaran ɗin jikin biyu daga cikinsu ya tsage. Baba ya ƙulle ɗaya a tsumma ya ba Kawu Mahama, mai fataucin albasa, ya nemo masa irinsa a Bawku, inda kaya ke shigowa ta iyakar Kulungugu. Bayan mako uku Kawu ya dawo da sababbi huɗu suna ƙyalli.

"Irin naka ya ƙare," in ji Kawu. "Amma mai shagon ya haɗa su baki da baki, kaurinsu ɗaya. Ya ce in bai shiga ba in dawo in tofa masa yawu."

Baba ya gwada ɗaya a injin, ya shige sumul. Ya kwance shi, ya zuba su huɗun a farantin Kaka, wataƙila don ta sa albarka. Ta shafa sabo, ta shafa tsoho. Ta daɗe. Sannan ta miƙo mini su biyun.

"Ƙawata, ke mai boko, riƙe mini."

Na riƙe. Gindin sabon, wurin da ake murɗawa, ya fi na tsohon tsawo da kamar ƙwayar wake. Na gani sarai. Na dubi Baba yana dariya da Kawu, rabon da in ga haƙoransa an yi watanni, sai na mayar da su faranti.

Kaka ta jawo Ilu kan cinyarta, za ta buɗe tatsuniya. "Zo nan, angona, rago marar cefane. Ga ta nan tafe, ba takalmi."

"Ta shigo ta zauna," muka amsa.

Ta ce wata kura ce haƙorinta ya karye a shekarar yunwa. Ta je kasuwar bakin kogi neman wani. Na kura ya ƙare, sai na kada. Mai sayarwa ya ce ai rami ɗaya ne, ta gwada. Ta gwada, ya zauna daram. Ta dawo gida baki buɗe, tana nuna wa kowa. Ta sha ruwa da shi lafiya, ta yi hamma da shi lafiya. Tsohuwar da ta haife ta ta ga ya ɗan fi sauran tsawo, amma kunya ta hana ta cewa komai.

"Sai ruwa ya ciko," in ji Kaka, tana kallon wuta. "Kura ta ɗauki ɗanta a baki za ta haye. A bakin gaɓa riƙon sako-sako ne. A tsakiyar kogi igiyar ruwa ta yi ƙarfi, dole ta datse. Ta haye kuwa. Da ta sauke shi a ƙetare, ba ya motsi."

Ilu ya tambaya ko ɗan kurar barci yake yi.

"Barci yake, angona." Ta tura itace cikin murhu. "Wuta, ki shaida, abin da ya shiga ba lalle ne ya dace ba."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Yau tatsuniyar Iya ba daɗi, za ta hana yara barci." Aka kira isha'i, ya kwashe fulogansa ya fita. Kullum Kaka takan rufe tatsuniya da cewa ta ƙare, mai kunne ya ƙulle a haɓar zane. Ran nan ba ta rufe ba.

Kwana tara motar tana tashi bugu ɗaya. Man fetur ya yi wuya, sai gajeren zango Baba yake yi, ya kai masu kifi Makango a hankali ya dawo. A rana ta goma, da hantsi, Ilu ya faɗi. Aka ce jini yake buƙata, kuma a ranar sai a babban gari. Ruwa ya yanke hanyar Tamale, sai Yendi, inda dangin Inna mahaifiyarmu suke. Inna ta rungume shi a baya, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Baba ya taka motar yadda bai taɓa taka ta ba.

Mun wuce Bimbilla da kaɗan injin ya fara wani ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Sai ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta tsaya a tsakiyar gonakin doya. Baba ya buɗe gaba, ya rufe, ya sake buɗewa. Muka zauna tun azahar har la'asar ta yi sanyi, kafin wata babbar motar doya ta zo ta ɗauke mu. Ilu ya cika muna hango rufin Yendi. A can aka binne shi, kusa da kakan Inna.

Makanikin da ya kwance injin, wanda a zango muke kira "fita", ya nuna wa Baba fistin biyu, ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin injin, da rami a kansu. Ya ce dogon fulogi yana leƙawa cikin ɗakin wuta fiye da ƙima. A tafiyar hankali ba ya nuna hali, amma in aka matsa wa injin, bakinsa yakan yi ja ya kunna mai kafin lokaci, har ya huda ƙarfe. Baba bai sake tuƙi ba. Kaka ta rayu shekara shida bayan nan, ba ta ƙara yin tatsuniya ba, mu ma ba mu roƙa ba.

Na yi karatun injiniya, yanzu ina koyarwa a wata makarantar koyon sana'a. Ya kamata in yi adalci. Injin tsoho ne, man lokacin gauraye ne, kuma ba ni da tabbacin Ilu zai rayu ko da mun isa da wuri. Likitoci biyu na tambaya, kowanne ya ce Allah ne masani. Ban zargi Kawu ba, ban zargi Baba ba. Kaka kuwa, a ganina, ta yi iyakar maganar da tarbiyyarta ta bar mata. Da ta kasa faɗa wa ɗanta, ta sa abin a hannun wadda ba kunyar ɗan fari a kanta.

Ɗalibaina suna yi mini dariya a ɓoye, na sani. Kafin su ɗaura fulogi sai sun duba lambarsa a littafin injin, sun auna tazarar bakinsa, sun jera sabo da tsoho gindi da gindi. Sannan in sa su rufe ido su shafa. Wanda ya ji bambanci, ko ni ce na miƙa masa, sai ya faɗa da baki kowa ya ji. Wata yarinya ta taɓa tambayata me ya sa sai da ƙarfi. Na ce mata ƙwayar wake ba ta da nauyi a hannu. Sauran ban iya faɗa ba.